Rawanin da Na Je Ɗaukowa Sakkwato

Ladan bai gama kiran assalatu ba muka ɗora wa jakuna kaya, muna idar da salla muka fita ta ƙofar yamma. Ku 'yan'uwa da abokan karatu da kuka yi ta aiko mini da tambayar yadda tafiyar ta kasance, ga shi zan ba ku labarin tun daga tushe, don na gaji da jin ana ƙara masa gishiri a kasuwa.

Mu shida muka tashi: ni, da ƙanena, da tsohon maƙerin garinmu wanda abokin mahaifinmu ne tun suna samari, sai wasu magidanta uku. Abin da ya fitar da mu kun san shi. Mahaifinmu, mai garin, ya rasu. Bayan kwana arba'in dattawa suka taru a zaure suka ce ni ne babba, ni ne kuma na yi shekaru a wajen karatu, saboda haka a je Sakkwato a karɓo mini rawani. Ba wanda ya yi ko tari a zauren nan. Ni kuwa na ɗauki shirun a matsayin ƙauna, na sa aka wanke mini riga ta alfarma, na hau tsohon dokin mahaifinmu, saura suna biye a ƙasa.

Duk mai zuwa Sakkwato daga wajenmu sai ya ratsa dajin Gundumi, kuma ba a ratsa shi mutum shida. Kwana biyu ne ba gari ba ƙauye, ga ƙishirwa, ga mahara. Sai muka shiga ayarin wasu fatake masu kanwa da tufafi, a ƙarƙashin wani madugu dogo mai ɗingishi. Bazara ce ta kai bazara, ƙasa tana ƙona tafin ƙafa ta cikin takalmi. Ƙaya ko'ina, itatuwa duk sun zubar da ganye, inuwar da za ka samu ba ta fi faifai ba.

A rana ta biyu da azahar muka isa rijiyar da madugu ya dogara da ita, muka tarar ta ƙafe. Salkuna sun yi laushi, abin da ya rage a ciki bai fi a raba kurɓi-kurɓi ba. Madugu ya ce kowa ya yi taimama. Ni sai na ga bai kamata mutumin da zai je karɓar rawani ya shafa ƙasa a fuska ba. Na sa aka cika mini buta, na zauna a kan buzu na yi alwala cikakkiya, sau uku-uku, ina tsefe gemu. Ba wanda ya ce mini kome, ni ma ban ga abin cewa ba. Bayan salla ƙanena, wanda ya yi shekaru yana bin masu gishiri ta wannan daji, ya lura da inda kurciyoyi ke sauka. Ya ja mu zuwa wani busasshen rafi, ya durƙusa ya yi ta tono da hannu da ɓarin ƙwarya har ruwa ya tsattsafo. Mutane da dabbobi suka sha. Na sa masa albarka daga kan doki, na ce a yi sauri kada la'asar ta same mu a nan.

A garin Raba, kusa da Sakkwato, muka ji labarin. Mun sauka bakin gulbi muna wanke ƙafafu, sai na ga masu jirgi sun yi cirko-cirko, ba mai kiran kowa. Na tambayi wani masunci, ya cire hula ya ce Sarkin Musulmi ya cika, an ma rufe shi. Muka yi salati. Zan gaya muku gaskiya don Allah yana gani: ban gama addu'ar ba zuciyata ta tafi kan rawanina, ina tunanin wa zai ba ni shi yanzu.

Washegari da hantsi muka shiga birni ta Ƙofar Rini. Na zaci zan tarar da gari a rufe, kowa ya yi tagumi a ƙofar gida. Sai ga kasuwa tana ci. Mahauta suna fiɗa, majema suna shanya jar fata, warinta yana tarbar baƙo tun daga nesa, dukawa suna ɗinkin kube da jakunkuna kamar ba abin da ya faru. Gero dai ya tashi, don masu hatsi sun ɓoye shi suna jiran su ga inda al'amari zai faɗi, goro kuwa sai mai hali. Muka sauka a gidan wani fatoma mai saukar da baƙi, aka kawo mana tuwon shinkafa da miyar kifi. Da safe kuma hoce, wata wainar dawa mai tauri kamar dutse, wanda maƙeri ya juya a hannu ya ce da ya san haka ne da ya bar guduma a gida. Zafin Sakkwato kuwa, na wajenmu ƙanensa ne. Bango ma in ka jingina sai ya kore ka.

Kowane gari irin namu yana da ƙofa a fada, wato babban mutumin da ta hannunsa ake kai gaisuwa da kuka. Muka je gidan namu, aka ce ba ya ganin kowa sai an yi sabon sarki. Manyan da ke zaɓe suna can sun rufe kansu, ba a san ranar fitowarsu ba. Tun da ba abin yi, sai na shiga yawo cikin gari ina tambayar mutane wa suke ganin za a naɗa. Na yi haka ne don in san inda zan karkata gaisuwata tun da wuri.

A nan ne mamaki ya fara kashe ni. A garinmu in ana maganar sarauta ana rage murya, a waiga hagu da dama. A Sakkwato kuwa mai jaki da mai tallan itace kowa yana yanke hukunci da ƙarfi, bakinsa cike da goro. Wani dillalin riguna ya ce ɗan marigayi ya kamata, don ɗan kada ba a koya masa iyo. Maƙwabcinsa ya ce a'a, ƙanen marigayi yana raye, ba a tsallake gemu a ba yaro. A wani zauren karatu na iske malamai biyu sun kusa ba hammata iska, ɗaya yana cewa mafi ilimi, ɗayan yana cewa mafi iya tsare iyaka, don littafi ba ya tare mashi. Marina kuma suka ce gidan marigayi sun ci, a bar wa wani gidan sarautar su ma su ɗanɗana. Ni dai ina tsaye riƙe da baki, ina jiran dogarai su zo su kwashe su. Ba dogarin da ya zo.

Wata mai fura a gindin ganuwa, Bafillatana mai furfura, tana dama mini na tambaye ta ita ma, da wasa. Ba ta ɗago kai ba ta ce, "Malam, ni ban san ɗa ba, ban san ƙane ba. Wanda duk za shi tsare muna hanyar Gundumi, shi nika so. Can mijina yab ɓace, shekara ukku ke nan, ko takalmi nai ba a gani ba." Na sha furar, amma ba ta wuce mini da daɗi ba.

Wanda ya fi girgiza ni shi ne wanzami. Ranar kwana na shida na ce bari a gyara mini kai, don rawani ya sami wurin zama. Wani tsoho ne siriri, yana aski a inuwar bangon kasuwa. Ya jiƙa mini kai, ya ɗora aska, na yi masa tambayar da nake yi wa kowa. Ya ce, "Malam, kan manya da kan talaka duk na aske, ban ga wanda ad da ƙaho ba. Masu zaɓen ga su nawa na? Ba su cika tabarma biyu ba. Mu ka kai zakka, mu ka zuwa yaƙi, amma ba a tambaye mu ba." Na ce ya yi hattara da bakinsa. Ya karkatar mini da kai ya ci gaba: "Wata rana, ko ba mu da rai, sai an bi gida-gida an tambayi kowa. Wanda yaf fi jama'a shi hau. In bai yi daidai ba, bayan 'yan shekaru a ce mishi shi sauka, a ɗora wani."

A ce wa sarki ya sauka. Wallahi ban taɓa jin magana mai tayar da tsikar jiki irin wannan ba, kuma da rana tsaka, a bakin kasuwa. Na so in miƙe in bar wurin, amma aska tana kan maƙogwarona, sai na ga haƙuri ya fi. Da na koma masauki na ba abokan tafiyata labari ina dariya, na ce ga wani mahaukaci yana so a riƙa ƙirga mutane kamar awaki. Mutum ɗaya ne ya taya ni dariyar, shi ma bai kai ƙarshe ba. Maƙeri kuwa ya matso ya ce in sake maimaita masa abin da wanzamin ya faɗa, tun daga farko.

Kwana biyu bayan haka aka buga tambura, aka yi shelar sabon Sarkin Musulmi. Gari ya ɗinke ya nufi wurin mubaya'a. Waɗanda jiya suke rantsuwa sai wane, yau su ne a sahun gaba suna yi wa wani addu'ar daɗewa. Har wanzamina na hango yana kutsawa da zabirarsa a kafaɗa. Na kama hannunsa na ce, ashe kai ma? Ya ce, "Malam, baki gare ni, amma wuyana guda na." Ya shige cikin taro.

A rana ta tara ƙofarmu ya gan mu. Zauren cike yake da jakadun garuruwa, kowa da buƙatarsa. Da aka zo kanmu ya yi wa mahaifinmu addu'a, ya dubi maƙeri ya ce wane ne babba. Maƙeri ya nuna ni. Aka miƙo riga da farin rawani da takarda, aka ce a je gida liman ya naɗa mini a gaban jama'a. Kafin a gasa masara guda an gama. Na fito ina jin ƙafata ba ta taɓa ƙasa, na sa rawanin cikin jakar fata sabuwa na rataya a sirdi.

A zangon da ke bayan Ƙofar Rini muka iske ayarin komawa gabas ya haɗu, amma ba madugu. Kurkunu ya fito masa a ƙafa, yana kwance ba ya ko takawa. Ga shi kuma ana ta raɗe-raɗin mahara sun ji an yi rasuwa sun cika Gundumi. Wani dattijo cikin fataken ya ce to sai a yi yadda aka saba. Ashe su in madugu ya kasa, waɗanda aka ambata sai su zauna nesa da juna, kowane falke ya ja jakinsa ya ɗaure a bayan wanda ya yarda ya ba shi ransa da kayansa. Wanda jakuna suka fi yawa a bayansa shi ne madugu, ba gardama. Ban taɓa jin wannan al'ada ba, sai na ɗauke ta wasa mai daɗi. Aka ambaci wani mai goro. Ni kuma na gyara murya na ce ga mai gari sabo a cikinku, ba sai an wahala ba. Sai wani daga cikin waɗanda muka zo tare a karon farko ya ce a sa mai tonon ruwan nan. Ƙanena ya ƙi, ya ce ba ya zama a jere da yayansa. Suka kama shi suka zaunar.

Na shimfiɗa buzu a gindin wata aduwa, na ɗaure jakin kayana a baya, na fito da tazbaha. Jakuna suka fara wucewa. Na ce a raina baƙi ne, ba su san ni ba. Kaɗan suka tafi wajen mai goro, sauran duk suka bi ta gabana suka zarce wajen ƙanena. Sai ga magidantan garinmu uku sun taso. Na gyara zama. Suka wuce ɗaya bayan ɗaya, kowa yana duban igiyar hannunsa. Na ƙarshe shi ne maƙeri, mutumin da ya riƙe ni ranar suna. Ya zo daidai inda nake ya ɗan tsaya, sa'an nan ya ja jakinsa ya wuce. Na waiga bayana, jaki ɗaya ne, nawa, shi ma yana fizgar igiya yana son bin 'yan'uwansa.

Ban san lokacin da tazbaha ta faɗi daga hannuna ba. Kunya da baƙin ciki suka rufe ni, na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Abin da wanzami ya faɗa na yi masa dariya, ga shi an yi mini shi da jakuna, kuma rawani yana rataye a sirdina.

Ƙanena ya ratsa da mu Gundumi lafiya. Ya bar hanyar da aka saba ya bi ta kudu, ya hana hura wuta, ya raba ruwa da ludayi ɗaya, nasa a ƙarshe. Ni ban yi magana da kowa ba sai a rana ta biyu, da muka tsaya azahar. Na yi taimama, na je na zauna kusa da maƙeri na ce, "Baba, me na yi muku?"

Yana karce ƙasa da tsinke ya ce, "Ɗana, kwana tara kana yawo cikin birni kana tambayar baƙi wa suka so. Mu da munka biyo ka tun daga gida, ba ka taɓa tambayarmu ba. Ranar da kay yi alwala cikin dajin ga, ina kallon ruwan na shiga ƙasa, harshena ya manne ga dasashi. Ƙanenka yab ba ni nashi kurɓi."

Na ce, "To don me ba ku faɗa a zaure ba?"

Ya ce, "Ana cikin makoki, wa za shi dubi babban ɗa shi ce ba a son shi? Kunya munka ji. Kuma ba ƙin ka muka yi ba. In fatawa ta, gare ka za mu zo. Amma gari ruwa shika sha."

Abin da ya fi ci mini rai shi ne na san hukuncin. Ni da bakina na karantar da ɗalibai cewa in ana tsoron ƙishirwa, ko ta dabba ce, taimama ake yi. Na san shi a allo, na manta da shi a daji.

Muka iso gida ranar Laraba da la'asar. Makaɗa suka tare mu tun daga bakin fadama, mata suna guɗa, kowa yana ranka ya daɗe. Ni kuwa duk fuskar da na kalla sai in tambayi kaina ina wannan zai ɗaure jakinsa. Liman ya ce a yi naɗi ranar Juma'a. Na ce to, amma kafin nan akwai abin da za a yi. Da na bayyana masa ya riƙe gemu ya ce bai taɓa ganin haka a littafi ba. Na ce ni ma a zango na gani.

Bayan an sauko daga masallaci na zauna a gindin tsamiyar dandali, na sa aka kai ƙanena gindin kuka, yana ta roƙona in bari. Na ce wa jama'a kowa ya ja jakinsa, wanda ba shi da jaki ya je da ƙafarsa, kuma na rantse ba wanda zan riƙe a zuciya. Ba wanda ya motsa. Sun zaci tarko ne. Maƙeri ne ya fara tashi, sa'an nan aka ɓalle. Abin da ban taɓa tsammani ba, sai ga tsofaffin mata sun fito daga gidaje ɗauke da tuluna, ba wanda ya kira su, suka je suka jere su a bayan ƙanena, don rijiyoyin garin nan biyu shi ya yashe su bara. Ni a bayana akwai liman, da ɗalibaina, da surukaina waɗanda ba su da yadda za su yi. Da na waiga sosai sai na ga jakuna biyu a jikin tsamiya. Ɗaya nawa ne. Ɗayan na ƙanena ne, ya aiko an ɗaure shi tun kafin a fara.

Na tashi na kwance nasa, na kwance nawa, na ja su biyu na ratsa dandalin nan jama'a suna kallo. Tafiyar ba ta fi taku hamsin ba, amma ta fi mini Gundumi tsawo. Ƙanena ya miƙe yana cewa, "Yaya, don Allah," hawaye na zuba. Na ce ya zauna, na ɗaure su a bayansa.

Wannan shi ne abin da ya faru, ba abin da kuke ji a kasuwa ba. Ban haukace ba, ba a kuma yi mini sammu ba. Na je Sakkwato ɗaukar rawani, na dawo da sanin cewa shirun mutane ba yarda ba ne, kuma ba za ka san abin da ke ransu ba sai ka ba su igiya a hannu. Ban ce wanzamin nan yana da gaskiya a kan kome ba, har yau maganar a ce wa sarki ya sauka tana ba ni tsoro. Amma na daina yi masa dariya.

Rawanin yana nan cikin jaka, ba a warware shi ba. Takardar kuwa, sunana ke ciki, kuma ba ni da ikon kankare shi, sai wanda ya sa aka rubuta. Mai yiwuwa ƙofarmu ya yi fushi ya ce na mayar masa da kyauta, mai yiwuwa ya hana mu duka biyu ya ba wani. Duk da haka sai na je na faɗa masa da bakina. An riga an cika salkuna, gobe in an idar da asuba za mu kama hanya. Ƙanena zai hau dokin mahaifinmu, ni zan ja jaki a bayansa.